Rairayi Nawa, Laka Nawa: Tarihin Awon Ƙasar Arewa

Idan ruwan shuka ya sauka a ƙasar Arewa ta Nijar, galibi cikin watan Yuni, ba kowace gona ake nufa da sungumi ba. Mai jigawa tun asuba ya fita da iyalinsa, yana gaba yana sara, yara na biye suna jefa irin hatsi suna takewa da diddige. Maƙwabcinsa mai geza kuwa bai ko ɗauko irin daga rumbu ba. Ya san ruwan daren jiya bai ratsa ƙasarsa ko taƙi ɗaya ba, ta kanta ya bi ya gangara ƙorama, sai an ƙara na biyu ko na uku. Gonakin biyu na iya haɗa iyaka, ruwa ɗaya ya dake su, amma aikinsu ya sha bamban. Abin da ya raba su shi ne girman ƙwayoyin ƙasar, da yawan ƙananan cikin manya.

Kafin a zo kan awo, sai an san inda ƙasar ta fito. Wanda ya baro Yamai ya miƙi babbar hanyar gabas, bayan kusan kilomita 270 zai hango tsaunin da ya ba Dogondutsi sunansa, tsaye shi kaɗai da kai a baje. Wannan tsauni da ire-irensa ragowar wani shimfiɗaɗɗen tudu ne na dutsen yashi da laka, wanda marmara mai ƙarfe ta rufe samansa. Ruwa ne ya yanka tudun a zamanin da Sahara ke da damina mai ƙarfi, ya buɗe babban kwarin da ake kira Dallol Mawri, wanda ya taso daga arewa ya bi ta Matankari da Dogondutsi, ya ratsa ƙasar Tibiri, ya nufi kogin Kwara a wajen Gaya. Daga baya kogin ya mutu. A wani dogon fari da aka yi wajen shekara 20,000 da suka wuce, iska ta tara rairayi a cikin kwarin da gindin duwatsu, ciyawa ta zo ta kafe shi. Wannan rairayin ne Arewa ke nomawa yau. Laka kuwa ta taru a wurare ƙalilan: gindin tafkuna irin Tafkin Saw na Dogondutsi, da lungunan kwari inda ruwa ke kwanciya.

Mutanen da suka fara zama a nan da ƙasar suka ƙulla alƙawari tun kafin a yi zancen sarauta. Tarihin baka, wanda Bafaranshe Marc-Henri Piault ya tattara ya buga a 1970 a littafinsa na tarihin Mawri, wato mutanen wannan yanki, ya raba jama'ar gida biyu: Gubawa, 'yan ƙasa, masu Sarauniya a Lugu da Baura a Bagaji, sai zuriyar Ari da ake dangantawa da Barno, waɗanda suka riƙe sarauta a Matankari. Na farkon su ke hulɗa da iskokin daji, su ke da ta cewa kan saran sabuwar gona. Duniya ta san Lugu saboda Sarauniya Mangu da karonta da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a Afrilun 1899, amma aikin gidan na yau da kullum damina ne da ƙasa da lafiyar shuka. A kudu, Tibiri, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011 tare da Gecheme da Dumega da Kore Mairuwa, ta fi samun ruwan sama kuma ta fi kusa da ruwan ƙasa.

Manomin wannan yanki bai taɓa rasa sunan da zai kira ƙasarsa ba. Jigawa ita ce rairayi mai zurfi, mai sauƙin noma, mai shanye duk ruwan da ya sauka, uwar hatsi da wake da gyaɗa. Geza ta fi ƙarfi da danƙo, tana wahalar da hannu, amma shekarar da ruwa ya wadata takan ba da dawa har a yi mamaki. Fadama baƙar laka ce da ke tsagewa da rani. Fako shi ne wurin da ya ƙeƙashe ya yi santsi, ko ciyawa ba ta kama shi. Akwai kuma jangargari da tsakuwa a gindin dutse, da yumɓun da mata masu ginin tukwane ke tonowa daga ramukan da kakanninsu suka gano. Ba da launi kaɗai ake rabewa ba. Tsoho zai ɗebi ƙasa ya jiƙa ta da ɗan ruwa ko yawu, ya murza tsakanin babban yatsa da manuni. In ta yi kaushi ta watse, jigawa ce. In ta dunƙule amma ta karye da an yi ƙoƙarin mirgina ta, ta fara shiga geza. In ta miƙe ta yi tsawo har ta lanƙwasu ba ta karye ba, laka ta yi rinjaye. Wannan gwajin yatsa, kusan ba tare da an canza masa komai ba, shi ake koya wa ɗaliban ilimin ƙasa a jami'o'in duniya kafin a bar su su taɓa na'ura.

Magini ma yana da nasa awon. Ya san ƙasar da ta cika laka tubalinta tsagewa yake yi a rana, wadda ta cika rairayi kuma damina ɗaya ke narkar da ita, don haka yake gauraya su ya ƙara da ciyawa. Har kayan noma ƙasa ce ta zaɓa wa mutane. Henri Raulin, wanda ya bi yankin Sahel yana duba kayan aikin gona ya buga sakamakon a 1967, ya nuna yadda hauyar tsaye mai doguwar ƙota, wadda ake turawa ƙarƙashin rairayi tana yanke saiwar ciyawa, ta bi ƙasashen jigawa, ita kuwa hauyar duƙe ta riƙe wuraren da ƙasa ke da ƙarfi.

Abin da Turawa suka kawo shi ne lamba. A 1851 George Stokes, masanin lissafi a Kambirij ta Ingila, ya fitar da ƙa'idar saurin nutsewar ƙaramar ƙwaya cikin ruwa: in aka ninka faɗin ƙwaya sau biyu, saurin nutsewarta yakan ninku sau huɗu. Duk wanda ya taɓa ajiye ruwan tafki a randa ya ga wannan da idonsa, yashi ya kwanta nan take, jan ruwan kuwa ya kwana bai washe ba. A farkon ƙarni na 20, Albert Atterberg na Suwidin ya shata iyakokin da aka daɗe ana bi: abin da ya haura milimita 2 tsakuwa ce, daga nan zuwa ƙasa rairayi ne, sai garin ƙasa mai laushi a tsakiya, sannan laka, wato duk ƙwayar da ba ta kai mikron 2 ba. Mikron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. A 1922 aka fito da dabarar zuƙo ruwan laka da siririn bututun gilashi daga wani zurfi a wani ƙayyadadden lokaci, G. W. Robinson na Bangor yana cikin waɗanda suka tsara ta. A 1927 kuma George Bouyoucos, a Michigan ta Amurka, ya sauƙaƙa aikin da wani ma'auni mai yawo a ruwa, wanda ke nuna kaurinsa yayin da ƙasar ke kwanciya.

Aikin na masu haƙuri ne. Sai an shanya ƙasar, an tankaɗe ta, an ƙone ruɓaɓɓen ganyen cikinta da magani, an zuba wani sinadarin da zai hana ƙwayoyin laka manne wa juna, an girgiza na sa'o'i. Bayan haka sai jira. A zafin digiri 20, ƙwaya mai mikron 20 na nutsa santimita 10 cikin kusan minti 5, amma mai mikron 2 sai ta ci kusan awa 8. Zafi ma yana da hannu a lissafin, domin ruwan ɗumi ya fi tsinkewa: a digiri 30 wannan jiran ya koma awa 6 da ɗoriya. Ma'aikacin da ke wannan awo a Yamai cikin watan Afrilu, in ya yi amfani da jadawalin da aka tsara don sanyin Turai ba tare da gyara ba, lissafinsa ya karkace tun kafin ya rubuta.

Da wannan hanyar aka yi wa ƙasar Nijar awon farko mai faɗi. A shekarun 1960 masanan hukumar binciken Faransa ta ORSTOM, irin su Michel Gavaud da René Boulet da Gérard Bocquier, suka bi kudancin ƙasar suna haƙa ramuka, suna duba hawa-hawan ƙasa, suna cika buhunan samfuri, suka fitar da taswirori a ma'aunin 1 bisa 500,000. A irin wannan taswira santimita ɗaya na wakiltar kilomita 5, wato gonakin ƙauye guda sukan ɓace cikin ɗigon biro. Ta isa ta nuna wa gwamnati inda kwari yake da inda tudu yake, ba ta isa ta raba jigawar mutum da gezar maƙwabcinsa ba. A 1975 aka kafa cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, ta gaji wannan aiki da ɗakin gwajinta na Yamai. A shekarun 1980 cibiyar ICRISAT ta zauna a Sadore, kudu da Yamai, a kan rairayin da ya yi kama da na Arewa, awo kuma ya nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari na saman ƙasarta yashi ne zalla.

Wannan adadin shi ne zuciyar maganar. Inda rairayi ya haura kashi 90, duk rayuwar gona ta rataya a kan 'yan kason da suka rage. Su ke riƙe ruwa tsakanin ruwan sama da ruwan sama, su ke riƙe abincin shuka. Ƙarin kashi 2 ko 3 na laka da garin ƙasa na iya raba hatsin da ya jure kwana goma ba ruwa da wanda ya ƙone. Masu bincike a Sadore, cikinsu har da Joost Brouwer ɗan ƙasar Holan, sun shafe shekaru suna mamakin yadda a gona ɗaya, taku kaɗan tsakani, wani gindin hatsi ya fi mutum tsawo wani bai kai gwiwa ba. Manomi na da amsoshinsa tun tuni: nan tsohon suri ne da gara ta hawo da laka daga ƙasa, can gindin gawo ne, can kuma Fulani suka yi masheƙari bara waccan. Gindin sabara da kalgo ma tarko ne, yana kama ƙurar da hunturu ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi, ƙurar da ke ƙara wa jigawa laushin da ba ta da shi.

Sai dai ƙananan ƙwayoyin nan suna da wata fuskar. Bayan farin 1973 da na 1984, da itatuwa suka mutu, jama'a ta ƙaru, aka daina barin gona ta huta, fako ya yi ta cin ƙasa. Alain Casenave da Christian Valentin, a littafinsu na 1989 kan fuskar ƙasar Sahel, sun bayyana yadda abin ke faruwa: ɗigon ruwan sama na dukan ƙasa tsirara, ya tankaɗe ta, ƙananan ƙwayoyi su toshe ƙofofin da ke tsakanin manya, a samu wani ɓawo da sau da yawa bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba. Iska ta share rairayin da ke kansa, shi ke nan ruwa ya daina shiga. Ba sai ƙasa ta cika laka take yin wannan ɓawo ba, kaɗan ta isa. Ruwan da ya rasa hanyar shiga shi ne ke taruwa daga kan duwatsu ya yanka kwazazzabai, ya afka wa unguwannin Dogondutsi, abin da ya sa garin da abokan hulɗarsa na Orsay ta Faransa suka daɗe suna jera duwatsu a kan gangare don rage masa gudu.

Awon ƙasa da lantarki kuwa ta wata ƙofa ya shigo, ƙofar masu neman ma'adinai da ruwa. A 1912 Conrad Schlumberger ya kafa turakun ƙarfe a filin gidansu a Normandi ta Faransa, ya tura wuta cikin ƙasa, ya auna yadda take bazuwa. A 1915 Frank Wenner a Amurka ya tsara jera turaku huɗu a layi, tazara ɗaya tsakaninsu: biyun gefe na tura wutar, biyun tsakiya na aunawa. In aka ƙara tazara, wutar ta ƙara nutsawa. Sirrin shi ne ƙasa ba ta barin wuta ta wuce daidai wa daida. Ƙwayar rairayi ba ta ɗaukar wuta, sai dai ruwan da ke kewaye da ita ya ɗauka. Ƙwayar laka kuwa fatarta na riƙe da ruwa da gishirin ƙasa, ga ta da yawan fata saboda ƙanƙantarta, don haka wuta ke bin ta cikin sauƙi. Turjiyar jiƙaƙƙiyar laka takan tsaya a gomomi na ma'aunin om-mita, ta busasshen rairayi kuwa takan haura dubbai. Da wannan dabarar injiniyoyi suka riƙa zaɓar wurin haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙasashen Sahel, musamman a shekarun 1980 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe don ruwan sha.

Akwai kuma hanyar da ke ƙirga ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, ita kuma daga asibiti ta fito. Wallace Coulter, injiniya a Chicago, ya sami takardar mallakar ƙirƙirarsa a 1953, don ƙirga ƙwayoyin jini. Ana zuba abin da za a auna cikin ruwan gishiri, a zuƙe shi ta wata 'yar ƙofa da ido da ƙyar yake gani, wuta na ratsa ƙofar. Duk ƙwayar da ta shiga sai ta ture ruwan gishiri gwargwadon jikinta, wutar ta ɗan tauye, na'ura ta rubuta. Yawan tauyewar shi ne adadin ƙwayoyi, ƙarfin kowace kuma shi ne girman ƙwayar. Masu nazarin laka da ƙura suka are ta, domin cikin mintoci tana gama abin da ake kwana ana jira. Amma kowace ƙofa tana iya auna ƙwayar da ke tsakanin kusan kashi 2 da kashi 60 cikin ɗari na faɗinta ne kawai. Babbar ƙwaya toshe ta take yi, manyan ƙwayoyin rairayi kuma nutsewa suke kafin a zuƙe su. Ga ƙasar Arewa ke nan sai an tankaɗe kashi 90 an ajiye gefe, na'urar ta yi aiki a kan ragowar. Ta fi dacewa da ƙurar hunturu fiye da jigawar da ƙurar ke sauka a kai.

Daga wajen 1980 kamfanin Geonics na Kanada ya fito da EM38, wani katako mai tsawon kusan mita ɗaya da ake ratsa gona da shi ba tare da an kafa turke ba, yana aika maganaɗisu cikin ƙasa yana sauraron amsa. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin Veris na Kansas ya ɗora fayafayan ƙarfe a bayan tarakta, suna yanka ƙasa suna aunawa, na'urar tauraron ɗan'adam na rubuta wurin kowane awo. A Nijar, fitaccen gwajin irin wannan a Wankama aka yi shi, gabas da Yamai, inda Sylvain Massuel da Guillaume Favreau da Marc Descloitres da abokan aikinsu suka auna yadda ƙasa ke ɗaukar wuta a bakin wani kwazazzabo mai baje rairayi. Sakamakon da suka buga a 2006 ya nuna ruwa na nutsewa can ƙasa ta ƙarƙashin wannan rairayin, ya wanke gishirin da ke hanyarsa. Tsarin wurin, tudu mai marmara, gangare mai rairayi, tafki a gindi, shi ne tsarin da ake gani ko'ina tsakanin Matankari da Gecheme.

Wanda zai kawo irin waɗannan na'urori Arewa, ya kamata ya san abin da suke ji da abin da ba sa ji. Ba girman ƙwaya suke aunawa kai tsaye ba, sauƙin wucewar wuta suke aunawa, shi kuwa abu uku ke juya shi a lokaci guda: laka, damshi da gishiri. Da rani jigawa takan bushe har turke ya kasa haɗa wuta da ƙasa sai an zuba masa ruwa. Lakar wannan yanki yawancinta irin da ake kira kawolin ce, wadda ba ta riƙe gishirin ƙasa sosai, don haka muryarta a na'ura ba ta da ƙarfi. A cikin kwari kuma matsalar ta juye: inda kanwa ko gishiri ke tasowa, kamar yadda aka sani a kudancin dallol har zuwa Foga mai gishirin gargajiya, rairayi mai gishiri sai ya yi wa na'ura shigar laka. Ɓawon fako kuwa, mai milimita ɗaya ko biyu, ya yi wa na'urar da ke jin zurfin mita guda ƙanƙanta. Shi ya sa ko a Kansas ba a yarda da taswirar lantarki sai an haƙo samfuri daga wurare dabam-dabam an kai ɗakin gwaji an daidaita. A ganin mai wannan rubutu, wanda ya tsallake tsofaffin ƙauye wajen zaɓar inda za a haƙo samfurin ya ƙara wa kansa aiki ne kawai, domin su suka san inda tsohon suri yake da inda tafki ya taɓa kwanciya.

Yanzu har taswirar da ba a taka gona ba akwai ta. A 2020 aka fitar da iSDAsoil, wadda ke ƙiyasta rairayi da laka a kowane fili mai mita 30 a faɗin Afirka, ta hanyar haɗa hotunan tauraron ɗan'adam da dubban samfuran da aka auna a baya. Daga kilomita 5 a santimita ɗaya zuwa mita 30 ba ƙaramar tafiya ba ce, ko da yake ƙiyasi ne, kuma ingancinsa na bin yawan samfuran da aka taɓa ɗauka kusa da wurin.

A cikin Dallol Mawri, inda ruwa ke kusa har masu lambu ke samunsa a 'yan gabobi kaɗan, akwai masu sana'ar da wannan awo ya zame musu abincin yau da gobe: masu huda ƙasa da hannu suna sa bututun roba don ban ruwan albasa da dankali da rogo da rake. Duk abin da ya fito daga ramin sai ogan aikin ya tara a tafin hannu ya murza. In lallausan rairayi ne, ya san zai bi tsagin bututu ya cika shi ya kashe injin, sai a ci gaba. In laka ce, ba ruwan da za ta bayar, sai a huda ta. Abin da yake nema shi ne rairayi mai manyan ƙwayoyi, mai kaushi, gauraye da 'yar tsakuwa. Nan yake tsayar da aiki, ya auna zurfin da igiya, ya sa a yanka tsagin bututun daidai wannan hawa.